Ra'ayinmu: Yadda Ake Kawar da Ƙungiya Ba Tare da An Haramta Ta Ba

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san yadda gwamnatin soja take raba ma'aikaci da ƙungiyarsa: sanarwa ɗaya a rediyo, shi ke nan. Haka gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 1988, ta sake haramta ta a 1992. Haka kuma Janar Abacha ya rushe shugabancin NLC a 1994, ya naɗa mata kantoma. Wannan salo yana da ciwo, amma kowa ya ga hannun da ya yi marin, kuma ƙungiyoyin nan duka sun dawo da ransu.

Akwai wani salo da ya fi wancan ba mu tsoro, domin a ƙarƙashin mulkin farar hula ake yin sa, da majalisa da doka. Inda ya fi fitowa fili shi ne jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, kuma malaman makaranta irinmu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A watan Maris na 2011 gwamnan jihar, Scott Walker, ya sa hannu a wata doka da ake kira Doka ta 10, duk da dubban ma'aikata sun yi makonni suna zanga-zanga a harabar majalisa a birnin Madison. Dokar ba ta haramta ƙungiya ko ɗaya ba. Ta dai taƙaita abin da ƙungiya za ta iya zama da gwamnati a kansa zuwa tsurar albashi, shi ma kada ƙarin ya wuce hauhawar farashi. Ta hana a cire kuɗin ƙungiya daga albashi. Aka kuma tsame 'yan sanda da 'yan kwana-kwana daga ciki, don kada ma'aikata su haɗa kai su yi magana da murya ɗaya.

Sharaɗin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne na zaɓe. Dokar ta ce kowace shekara sai an kaɗa ƙuri'a ko ƙungiya za ta ci gaba da wakiltar ma'aikata, kuma sai ta sami kashi 51 cikin 100 na dukan ma'aikatan wurin, ba na waɗanda suka fito zaɓe kaɗai ba. Mu ɗauka malamai 100 ne a wata gunduma, 50 suka fito, dukansu suka ce suna so, babu wanda ya ce a'a. Ƙungiya ta faɗi. Malamar da take wankan jego, da malamin da ke kwance asibiti, da wanda ya ce gobe zai je, duk an lissafa su cikin masu ƙi. Da da wannan ma'auni ake zaɓen 'yan siyasa, da ƙalilan ne za su shiga ofis. Cikin 'yan shekaru babbar ƙungiyar malaman jihar ta rasa fiye da rabin mambobinta.

Wani zai ce ina ruwanmu da Amurka. Ruwanmu shi ne, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya da shiga cikinta, amma bai hana ta bushewa ba. Tun gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005, zama mamba ganin dama ne. Abin da yake riƙe da yawancinmu a NUT shi ne kuɗin da ake cirewa tun kafin albashi ya iso hannunmu. Ranar da wata gwamnati ta ce daga yau kowa ya kai nasa da kansa, mutum nawa ne a cikinmu za su kai?

Ba za mu ɗora laifin duka a kan mambobi ba. Malamin da aka yi shekaru ana cire masa kuɗi, bai taɓa jin bayanin inda suka shiga ba, bai ga shugaba a makarantarsa ba sai lokacin zaɓe, yana da hujjar yin sanyi. Mun sha jin wannan ƙorafi a ofishin malamai, kuma ba dukansa ne ƙarya ba. Sai dai mu tuna wanda yake bin bashin albashi da ƙarin girman da aka danne, da wanda yake raka matar marigayi ofis ofis har kuɗin sallamar mijinta su fito. In babu ƙungiya, kowane malami shi kaɗai zai tsaya gaban sakataren ilimi da takardarsa a hannu, iyalinsa kuma su jira sakamako a gida.

Don haka muna kira ga shugabannin wannan reshe su kawo lissafin kuɗin shiga da na fita a rubuce zuwa taro na gaba, a karanta shi a gaban kowa. Wakilan makarantu kuma su bi abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, su tambaye su ko za su biya da hannunsu in an daina cirewa. Wanda ya ce a'a kada a yi masa faɗa. A rubuta dalilinsa, a zo mana da shi.