Kalmar "Take" Ba Ɗauka Kaɗai Take Nufi Ba

'Yan uwa malamai, duk wanda ya gifta ta bayan wani aji a makarantunmu na Rimin Gado da hantsi ya san wannan amo: malami ya ce "take", yara su amsa baki ɗaya, "ɗauka!" A yi ta maimaitawa har ta zauna. Mu ma haka aka koya mana, haka kuma muke koyarwa. A ganinmu lokaci ya yi da za mu sauya, domin wannan hadda tana cutar da ɗalibanmu.

Mu dubi kalmar kanta. A "take this book", lallai ɗauka ko karɓa ake nufi. Amma "take your medicine" shan magani ne, "take a bath" wanka ne, "take a seat" kuwa zama ne. Yaron da muka cusa wa ma'ana ɗaya, idan aka ce masa "take a seat", kujerar zai sunkuta, a yi masa dariya, alhali abin da muka koya masa ya aikata. Idan kuma ya haɗu da "take place" a takardar jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, wato aukuwar abu, sai ya tsaya yana neman abin da za a ɗauka, maki ya kuɓuce masa.

Wannan hali ba na Turanci ba ne kaɗai. Mu tuna da kalmarmu ta "ci". Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, wuta ma takan ci rumbu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya jero ma'anoni masu yawa a ƙarƙashin wannan kalma mai harafi biyu. Duk da haka ɗan aji ɗaya bai taɓa zaton wanda ya ci kasuwa ya tauna rumfa ba, domin a cikin magana ya koyi kalmar.

A shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa a firamare, daga baya a koma Turanci. Hikimar ita ce a dora sabon sani a kan wanda yaro ya zo da shi daga gida. Ke nan Hausar ɗalibi ita ce tsanin da zai taka. Mu fara tambayarsa hanyoyi biyar da ake amfani da "ci", sannan mu nuna masa cewa "take" ma haka take.

Wani zai ce aji ya cika maƙil, littattafai ba su wadata ba, hadda ce kaɗai ke tafiyar da taro. Gaskiya ne, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina neman gyara ba. Sai dai wannan sauyi allo da alli kawai yake buƙata. Idan haddar ce ta zama dole, a haddace jimla sukutum, a kuma aikata ta a gaban aji: wannan ya zauna, wancan ya kwaikwayi shan magani.

Muna ba da shawara a taron reshe mai zuwa kowane malamin Turanci ya zo da jimloli biyar a kan gajeriyar kalma ɗaya, kamar "get", "run" ko "put", mu haɗa su mu rarraba wa makarantu. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da iyaye suka ɗora mana.