A Bar Yaran Tasawa Su Yi Wasan Kansu

Duk wanda ya taɓa raka ƙungiyar matasa neman tallafi ya san tambayar farko da ake yi musu: wane saƙo za ku isar? In sun ce wanke hannu, ko auren wuri, ko tazarar haihuwa, sai a ba su riguna masu tambari da kuɗin mota. In sun ce labari ne da ke ci musu rai suke son nunawa, sai a ce su dawo wani jiƙon. Daga ofisoshin Yamai har Tasawa da Mayahi, an yarda cewa wasa da waƙa ba su cancanci ko dala ba sai sun zama jakin dakon faɗakarwa. Wannan ra'ayi ne ke kashe fasahar da ake cewa ana rayawa.

Na taɓa tsayawa kallon irin wannan wasa a wata kasuwar ƙauye. Yara ne masu basira, amma maganar da ke bakinsu daga nesa aka rubuto ta. Kafin a kai rabi kowa ya san ƙarshe: tsoho mai taurin kai zai gane kurensa, a tafa, a ɗauki hoto. Da kuɗin shirin suka ƙare ƙungiyar ta watse, wasu suka tafi ci-rani. Ba wanda ya fita da hannun kalangu, ba wanda ya koyi yadda ake ƙulla labari. Haya aka yi da su, ba koyarwa ba.

A dubi kokawa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ba a taɓa cewa ɗan kokawa ya bayyana darasin da ke cikin kayensa kafin a bar shi ya shiga fili ba. Abin da aka ba ta shi ne fili, da lokaci sananne, da lada ga gwani. Shi ya sa yaron ƙauye ke murza ƙasa da dare bayan girbi ba tare da an biya shi ba. Haka bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976, zamanin Seyni Kunce. Ban manta ba cewa gwamnatin soja ta yi amfani da ƙungiyar matasa ta samariya don yabon kanta, kuma wannan aibi ne. Amma a lokacin gasa ce da ake hawa daga unguwa zuwa jiha, kowace shekara, sai gari ya dage da gwaji don kada ya sha kunya. Ko ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo, da ake kafa hujja da shi wajen faɗakarwa, dariya ya fara ba mutane, ya nuna musu kansu, sannan darasi ya biyo baya da ƙafarsa.

Kuma ba labari muka rasa ba. A Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa a 1899 har sojojinsu suka juya musu bindiga. Ban taɓa ganin an ba yaran wurin kuɗi su nuna abin da kakanninsu suka gani ba. Matan Gulbin Kaba suna saƙa tabarma da faifai da zane iri-iri, amma a takardar masu tallafi sunan aikinsu hanyar samun kuɗin shiga, kamar ba ido da gwaninta a ciki. Samarin da ke kwana a fada suna dafa shayi suna tsara baiti a waya, suna da abin cewa kan bashin taki da hanyar Agadas. Wa ya tambaye su?

Za a ce mini ƙasar da ake fama da tamowa ba ta da rarar kuɗin wasa. Ai kuɗin ana kashe su yanzu ma, a riguna da alluna da alawus na taro. Abin da nake nema shi ne a juya akalarsu. Gidan matasa ya kasance a buɗe da dare, da fitila da mai gadi. A biya tsofaffin makaɗa da masu busa albashin wata, ko kaɗan ne, su zaunar da yara su koya musu kalangu da gurmi da algaita tun suna da rai. Magadan gari su tsayar da mako guda bayan girbi da Urafan da Korgom da Kanembakashe za su kara, kowa da wasan da ya ga dama, alƙalai su auna daɗin murya da ƙarfin labari. A keɓe wa 'yan mata lokacinsu da rana, da mace mai kula da su, don iyaye su saki jiki su bar su zuwa.