Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙaramin Macijin Kurmi da Darasin da Ke Cikin Saransa

A kurmi da fadamu da bakin rafuffuka na Afirka kudu da Sahara akwai wani ƙaramin maciji da masana ke kira Crotaphopeltis hotamboeia. Da wuya tsawonsa ya kai mita ɗaya. Launinsa toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari ƙanana a gadon baya, gefen kansa baƙi mai sheƙi, cikinsa fari, ƙwayar idonsa a tsaye kamar ta kyanwa. Da rana yakan ɓuya ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen itace, da dare ya fito farautar kwaɗi. Haƙoran dafinsa suna can ƙarshen baki, kuma dafin ba ya kisan mutum. Idan ya tsorata sai ya baje kai, ya yi huci, ya riƙa kai sara, har a ɗauka mugun maciji ne.

Me ya sa za a damu da macijin da ba ya kisa? Domin rashin saninsa na iya jawo kisa. Manomin da wannan maciji ya sara cikin duhu ba ya tsayawa duba launi. Za a garzaya da shi wurin mai maganin gargajiya, a ɗaure ƙafa, a tsaga, a ba shi jiƙo. Kwana biyu ya miƙe garau, domin da ma zai miƙe ko ba a ba shi komai ba. Amma yabo ya riga ya tafi ga mai magani. Ranar da kububuwa ta sari maƙwabcinsa, can za a nufa da shi. Dafin kububuwa kuwa yana hana jini daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi da fitsari, kuma allurar kashe dafi ce kaɗai ke tsayar da shi. Kwanakin da aka ɓata kafin a isa asibiti, irin na Kaltungo a Jihar Gombe, su ne kan zama ajalin mara lafiya.

Bambance su ba abu ne mai wuya ba ga wanda aka koya wa. Jikin kububuwa yana da kaushi, kuma idan ta fusata takan naɗe ta goga jikinta da juna, ya ba da wata ƙara. Macijin kurmin nan kuwa jikinsa sumul yake, da baki yake huci.

Wani zai ce koyar da wannan zai sa mutane sakaci, su raina sara. Tsoron yana da tushe, shi ya sa dole darasin ya zo da sharaɗi: kowane sara na asibiti ne. Amfanin sanin shi ne jama'a su gane cewa warkewar wani a gida ba hujja ba ce ta ingancin jiƙo.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na kimiyyar halittu su haɗa kai, su tattara sunayen macizai daga bakin manoma da mafarauta, su daidaita su da hotuna, a kai su makarantu da gidajen rediyo kafin damina ta faɗi.