A BAR JIRAN YANA TA NUNA

Akwai wata magana da ta daɗe tana makantar da mutane a ƙasar Daura, watau wai ba a taɓa yanar ido sai ta nuna. Tsoho a Mai'adua ya fara ganin hazo, sai 'ya'yansa su ce, "Baba, a yi haƙuri tukuna." Wannan haƙuri kuwa ganganci ne.

Ga dalili. A cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garau wadda haske ke ratsawa. In ta dushe, ita ce yana. Akwai kuma wani ruwa da ke ɓuɓɓugowa cikin ido kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. In yana ta daɗe, ƙwayar takan kumbura ta danne magudanar, ko kuwa ta narke, dattinta ya toshe ta. Sa'an nan ruwa ya taru, ido ya yi ja, ya yi tauri kamar dutse, ga ciwon kai, wani lokaci har da amai. Shi ne wani irin hawan jinin ido. Matsin nan yakan kashe jijiyar gani, jijiyar kuwa in ta mutu ba mai tashe ta.

Saboda haka makantar yana da ta hawan jinin ido ba ɗaya ba ne. Ta fari tana warkewa, ta biyu sai kabari. Likitocin Madurai ta ƙasar Indiya sun bayyana cikin 1996 cewa waɗanda suka wuce kwana 5 da ciwon kafin a yi musu aiki sun fi rasa gani. To, ina amfanin jira sai an sayar da amfanin gona?

Masu gardama kan ce ai ga mai sakiyar ido yana zuwa ran kasuwa, aikinsa ba tsada. Araha ba ta ado. Shi tura ƙwayar ya ke yi da tsinke ta faɗa cikin ido, ba ya fitar da ita, can kuwa tana iya ta da ciwon da a ke gudu. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar manya, kusan rabin aikin yana kuwa na masu tsinke ne.

Likita dabam ya ke yi. Yakan fara saukar da matsin da magani, ya cire ƙwayar cikin 'yan kwanaki, ya sa ta roba a gurbinta, ya kuma duba ɗaya idon. Asibitin ido na Kano yana nan tun 1943, ga na Katsina da na Kaduna.

Duk wanda yana ta hana shi gane kuɗi ko karatu, lokacin aiki ya yi. Wanda idonsa ya yi ja da zafi kuwa, kada ya kwana gida.