A Kiyaye Wurin da Aka Yi Ɓarna Har Mai Bincike Ya Iso

Kowace shekara, da damina ta ɗauke, garkuna suka fara gangarowa kudu tun gero bai gama shiga rumbu ba, sai hankalin hukuma ya koma ga gundumomin Magarya da Dungas. Lokacin ne ake samun rigimar manoma da makiyaya, da satar bisashen da ake ƙetarawa da su iyaka wajen kasuwar Maigatari. Idan abin ya kai ga jini, kafin jandarma su iso, gari duka ya riga ya taru a wurin. Wannan ya ɗauki sandar, wancan ya juya gawar, yara sun tattake sawu. Haka shaida take ɓacewa tun sa'ar farko.

Mai binciken kimiyya aikinsa shi ne tara wannan shaida. Yakan kewaye wurin da igiya, ya ɗauki hoto, ya auna, ya zana yadda kome yake. Sa'an nan ya ɗebi zanen yatsa, da tufa mai jini, da kibiya ko kwanson harsashi, kowane a ambulan nasa, da hatimi da kwanan wata, a aika ga ƴan sandan kimiyya a Yamai. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin ƴan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ya kafa aikin bisa cewa duk wanda ya shiga wuri yakan bar wani abu, ya kuma tafi da wani abu. Masu bin sawu na ƙasar Damagaram sun daɗe da sanin haka, tun da sukan gane saniyar da aka kora da wadda ta tafi da kanta.

Amfanin aikin bai tsaya ga kama mai laifi ba. A Ajantina, a 1892, wata mata ta ɗora wa wani mutum kisan ƴaƴanta biyu, sai zanen yatsa mai jini a jikin ƙofa ya nuna ita ce ta aikata. A Ingila, a 1986, gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke wani saurayi da ya riga ya amsa laifin kisa da bakinsa. Inda babu irin wannan hujja, alƙali ba shi da abin riƙo sai bakin shaidu, kuma kowa danginsa yake karewa. Daga nan zargi kan faɗa kan ruga duka ko ƙauye duka. Ba a manta da Toda ba, cikin jihar Maraɗi, inda ramuwar gayya ta ci rayuka fiye da 100 a 1991.

Wasu sukan ce tsare wuri yana jinkirta jana'iza. Haƙƙin mamaci ne a suturta shi da wuri, amma haƙƙinsa ne kuma a san wanda ya kashe shi. Likita ya duba rauni ya rubuta takarda ba ya ɗaukar yini, in dai an sanar da shi kan lokaci. Jinkirin da ya fi cutarwa shi ne na nisan hanya, domin iska tana shafe sawu a rairayi, zafin rana kuma yana lalata jini.

Saboda haka aikin ya rabu biyu. Masu gari da sarakuna su hana kowa kusantar wurin, su aika wa jandarma nan take. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su rubuta lokacin da aka ga abin, da sunayen waɗanda suka fara isowa. Wannan takarda tana da daraja a gaban shari'a. Hukuma kuwa, tun da Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ya dace barikin jandarmanta, kamar na Magarya, ya kasance da ma'aikaci mai horo, da akwatin kayan aiki, da mota mai shiga rairayi. Perefe da magadan gari su sa wannan magana cikin tarurrukan da ake yi kafin a saki gonaki, don kowane mai gari ya koma gida ya san abin da zai yi.