Kalgo, Gwandu ko Birnin Kebbi: Ina Ya Kamata Iyalin Sabon Ma'aikaci Su Sauka?

Takardar kama aiki takan faɗi sunan ma'aikata da matakin albashi da ranar da ake son mutum ya bayyana, amma ba ta cewa komai game da inda yaransa za su kwana. Wanda aka ɗauka aiki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko aka yi masa canji zuwa babban asibitin jiha da ke Kalgo, ko aka tura shi koyarwa a Gwandu, da wannan tambaya yake sauka a tasha. Kafin ya gama gaisawa da sababbin abokan aiki an riga an ba shi amsa: ya nemi gida a Birnin Kebbi, a Gesse ko Badariya ko Bayan Kara, domin can kowa yake.

Wannan shawara tana da dalilinta, sai dai ta tsufa. An ƙulla ta ne a zamanin da fetur yake da araha, kuma ranar mutum ɗaya kawai take aunawa, wato shi mai zuwa ofis. Abin da ya fi dacewa a yau shi ne ma'aikaci ya fara da niyyar zaunar da iyalinsa a garin da aikinsa yake, kada ya kauce wa hakan sai da wani dalili takamaimai da zai iya kiran sunansa.

Garuruwa biyu, nisa biyu

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi take janye ma'aikatu da bankuna da makarantu masu zaman kansu. Amma ba duk abin da ke ɗauke da sunanta ne yake cikinta ba. Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2013 tare da takwarorinta na Gusau da Gashuwa, a Kalgo ta fara aiki, kuma mazauninta na dindindin yana Unguwar Jeji, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Malamin da ya karanta "Birnin Kebbi" a saman takardarsa zai tarar cewa ajinsa yana wata ƙaramar hukuma dabam.

Tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi bai kai kilomita 20 ba. Gwandu kuwa tana gabas, kusan kilomita 50 daga babban birnin. A bakin masu ba da shawara duka biyun "nan kusa" ne, amma aljihu ya san bambancinsu.

A ɗauki ƙaramar mota mai cin lita ɗaya a kowace kilomita 10, da wata mai ranakun aiki 20. Mai aiki a Gwandu da ke kwana a Birnin Kebbi zai yi kilomita 100 a rana, wato lita 200 a wata. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita take wajen naira 200, kuɗin bai wuce naira 40,000 ba. Idan aka sa lita a naira 900, lissafin ya koma naira 180,000, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024. Ba a sa kuɗin taya da baƙin mai da bakanike ba. Mai aiki a Kalgo, idan aka ƙiyasta kilomita 30 zuwa da dawowa, lita 60 zai ƙona, naira 54,000. Wannan ana iya ɗauka, musamman in abokan aiki uku ko huɗu suka haɗa mota guda. Na Gwandu kuwa ba ya ɗaukuwa ga mai matsakaicin albashi, kuma abin da yakan biyo baya sananne ne: zuwa aiki ya koma kwana uku a mako, daga baya kwana biyu.

Bayan kuɗi akwai lokaci. Masanin nan ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna a 1994 cewa mutane a zamanai da ƙasashe dabam-dabam sukan tsaya ne a kan kimanin awa ɗaya ta zirga-zirga a rana. A 2008 kuma masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan ma'aikata a Jamus suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi sauran ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma kyawun gida ko ƙarin albashi bai cike musu giɓin ba. Idan haka abin yake a ƙasar da jirgin ƙasa ke zuwa kan lokaci, ina ga wanda zai bi titi cikin zafin Afrilu, ya yi ta kauce wa rami da shanu da tirela?

Ranar waɗanda suka rage a gida

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna gida da nisansa zuwa ofis kawai. Maigida fita ɗaya yake yi a rana. Sauran mutanen gidan kuwa fitarsu ta fi tasa yawa: kai yara boko da safe, ɗauko su da rana, islamiyya da yamma, cefane, niƙa, awon ciki, rigakafi, kemis. Kowace fita kuɗin kabu-kabu ce ko a-daidaita-sahu, kuma a kan uwargida nauyin yake faɗawa. Gidan da ya fi dacewa shi ne wanda jimillar waɗannan tafiye-tafiye ta fi gajarta a cikinsa, ko da falonsa bai kai na wani girma ba.

Saboda haka bai kamata a biya kuɗin haya ba tare da matar gida ta ga wurin da idonta ba. Gani ya kori ji, kuma abin da za ta duba ba shi maigida zai duba ba. Ita za ta tambayi inda ake samun ruwa: rijiyar burtsatse ce a cikin gida, ko famfo, ko sai an jira 'yan ga-ruwa, kuma nawa ake sayar da kura a watan Maris? Ita za ta lura ko ɗakin girki yana da taga, ko tsakar gida za ta ishi shanya da wasan yara, ko akwai matan da za a iya bar wa yaro in fita ta kama. Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Ga matar da ta baro danginta a Kano ko Zariya ko Gusau, maƙwabciyar kirki ita ce uwa da yaya a ranar naƙuda.

Haka batun wuta. Kebbi tana cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kula da su, kuma tun Afrilun 2024 an bambanta farashi ƙwarai tsakanin layin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana da sauran layuka. Gidaje biyu a gari ɗaya suna iya zama a kan layi dabam-dabam. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba tambayar jin daɗi ba ce. Ita ke nuna ko jariri zai yi barci, da kuma ko sai an ware kuɗin sola ko janareta. Dillali ba shi ne abin tambaya ba, domin shi la'adarsa yake jira. Mai shagon da ke sayar da ruwan sanyi a bakin layin ya fi kowa sanin awa nawa ake kawo wuta.

Dalilan da suka isa a zauna a birni

Masu fifita Birnin Kebbi suna da hujjoji, kuma wasu daga cikinsu masu nauyi ne. Na farko shi ne lafiya. Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya duk suna Birnin Kebbi. Gidan da ke da yaro mai ciwon sikila, ko dattijo mai buƙatar ganin ƙwararren likita a kai a kai, ko mace mai tarihin wahalar haihuwa, yana da cikakken dalilin zama kusa da su. Ɓarkewar sanƙarau da ta shafi Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025 ta tuna wa kowa cewa akwai cutar da ba ta jiran gari ya waye. Sai dai a lura: wannan hujja ta fi ƙarfi a kan Gwandu, domin ita Kalgo tana da babban asibiti a cikinta.

Na biyu shi ne aikin matar gida. Idan ma'aikaciyar jinya ce ko malama ko akanta, kuma a Birnin Kebbi ne kaɗai za ta samu gurbi, to lissafin ya zama na mutum biyu. A irin wannan hali, ga mai aiki a Kalgo, zama a gefen birnin da ke fuskantar Kalgo shi ne adalci.

Na uku shi ne makaranta, kuma a nan ne ake yawan zuzutawa. Ɗan da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya, don haka batunsa dabam ne. Amma ɗan aji biyu na firamare ya fi amfana da uban da ke gida kafin magariba yana duba masa littafi fiye da makaranta mai tsadar yunifom. Ya kamata a shiga makarantun garin tukuna, a zauna a aji, a duba littattafan yara, a tambayi malamai nawa ne suka wuce shekara biyu a wurin.

Abin da bai isa hujja ba shi ne kunya. Akwai ma'aikatan da ba abin da ke hana su zama a Gwandu ko Kalgo sai gudun a ce wane yana ƙauye.

Barin iyali a baya

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa ke bi ba tare da sun kira ta zaɓi ba: a bar iyali a garin da aka fito, maigida ya kama ɗaki ɗaya, ya riƙa zuwa gida ƙarshen wata. A matsayin matakin wata uku ko huɗu, wannan hikima ce. Yana ba yara damar ƙarasa zangon karatu, yana ba maigida damar sanin unguwanni kafin ya zuba hayar shekara guda, wadda ba ta dawowa in an biya. Ya fi kyau ma watannin su ratsa damina, domin Kebbi ƙasar fadama ce, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta nuna yadda ruwa ke yi a wannan yanki. Filin da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki a Agusta, kuma alamar ruwa a jikin katanga ba ta ƙarya.

Haɗarin shi ne wata uku su zama shekara biyar. Tukunya biyu ake ɗorawa, haya biyu ake biya, kuɗin mota kuma yana cin abin da ake zaton an tara. Tarbiyyar yara ta koma ta waya, uwa ita kaɗai da zazzaɓin dare da ƙorafin makaranta. Duk wanda zai bi wannan hanya ya kamata shi da matarsa su sa ranar da za ta ƙare tun kafin a fara.

Abin da garin ke rasawa

Batun bai tsaya a kan gida ɗaya ba. Ana cewa ƙananan garuruwa ba su da makarantar kirki ko kemis mai inganci, shi ya sa ma'aikata ba sa zama. Amma wani ɓangare na dalilin rashin shi ne waɗanda za su biya kuɗin makarantar, su halarci taron iyaye da malamai, su matsa wa hedimasta, duk a wani gari suke kwana. Albashin da aka samu a Kalgo ana kashe shi a Birnin Kebbi. Likitan da gidansa ke nesa ba ya amsa kiran tsakar dare. Zariya shaida ce ta yadda abin ke juyawa: Samaru ƙauye ce kafin makarantu su kafu a can, kuma zaman ma'aikata da iyalansu ne ya mayar da ita gari. Kalgo tana da irin wannan dama a hannu.

Ita kuwa Gwandu ba baƙuwar masu ilimi ba ce. A 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka a cikinta da jama'arsa, kuma bayan raba ragamar mulki a 1812 ita ce ta zama cibiyar yammacin daula a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A nan ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya samu kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Daga baya fada ta koma Ambursa, sannan Birnin Kebbi a 1906. Garin ya rasa kujerar mulki, amma bai rasa al'adarsa ta karatu da mutunta malami ba. Yaron da ya tashi a can zai dawo gida yana cewa "hwari" maimakon "fari", ya kuma san tarihin da takwarorinsa ke haddacewa don jarrabawa.

Ga mai aiki a Kalgo, ƙofofi biyu a buɗe suke, kuma aikin uwargida da shekarun yara ne za su raba gardama. Ga mai aiki a Gwandu, zirga-zirgar kullum daga Birnin Kebbi ta daina zama hanya tun 2023; ko dai iyali su sauka a Gwandu, ko kuma a yarda a fili cewa an raba gida biyu saboda wani dalili da ya kai a yi hakan. Kafin a kira dillali, yana da kyau miji da mata su zauna da takarda da biro, su rubuta kowace fita da mutanen gidan za su yi a mako guda, da nisanta da kuɗinta, a kowane ɗaya daga garuruwan. Sau da yawa amsar da za ta fito a ƙasan takardar ba ita ce wadda aka ba maigida a ofis ranar da ya kama aiki ba.