Kuɗin Taga

Akwai wata sabuwar al'ada da ta fara shigowa cikin masu hannu da shuni na ƙasarmu, wadda nake so in yi magana a kanta tun ba ta yi saiwa ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Al'adar kuwa ita ce ta shiga jirgin ruwa na yawon shan iska. Shi wannan jirgi aikinsa ke nan ya kwashi mutane daga wani gari na bakin teku, ya yi ta zagayawa da su kwana bakwai ko goma, yau ya tsaya nan gobe ya tsaya can, sa'an nan ya komo da su inda ya ɗebe su. Da can sai a Turai da Amurka ake jin labarinsa, amma tun 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda, har a ƙarshen 2024 Saudiyya ta sa nata mai suna Aroya a ruwa, mai ɗaukar mutum fiye da 3,000. To, duk abin da ya zo Jidda ai ya zo ƙofar gidanmu, domin wanda ya gama Umra da sauran guzuri a aljihu ba zai rasa ɗan kamasho mai raɗa masa a kunne ba.

Ni ban ce tafiyar nan laifi ce ba. Mu mutanen tudu ne. Mutumin Durba, ko na Kibiya, ko na Rano, babban ruwan da ya sani shi ne na madatsar Tiga, ita ma sai a 1974 aka gama ta. In Allah Ya hore masa abin da zai je ya ga bahar da idonsa, madalla. Abin da na tsaya a kansa shi ne yadda ake kashe kuɗin, da abin da ake komowa da shi.

Ga yadda cinikin yake. Ɗakunan jirgi hawa-hawa ne. Akwai na ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, shi ne mai araha. Akwai mai taga wadda ba a buɗewa. Akwai mai ɗan shirayi inda mutum zai fita ya zauna yana kallon ruwa. Sa'an nan can sama akwai manyan ɗakuna masu falo da bara na musamman. Mutum ya biya kuɗin ɗakin ciki, hankalinsa kwance, ana sauran 'yan kwanaki a tashi sai ga saƙo daga kamfani, wai akwai ɗaki mafi kyau da ya rage, ya taya, in tayinsa ya yi a ba shi. Ka ji dabara! Ɗakin nan da ma ba wanda ya saya, da haka zai tafi wayam, amma sai a mai da shi gwanjo, a sa baƙo ya riƙa jin kamar alfarma ake yi masa. Ya taya, a sallama, ya ɗauki hoton shirayin ya aika gida. Daga ran nan kuwa ya zama ɗan kurkukun ɗakinsa, gama wanda ya ƙara kuɗi mai yawa don taga, tilas ya zauna ya ci kuɗinsa a bakin tagar.

Kada mai karatu ya zaci kamfani bai san abin da yake yi ba. Manyan kamfanonin nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suke samu daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga jirgi yake fitowa, watau ci da sha da kantuna da caca da kuɗin yawo. Saboda haka duk sa'ar da ka yi a ƙasa kana yawo da ƙafarka, hasara ce gare su. Shi ya sa ake gina jiragen kamar birni. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja wajen 7,600, ban da ma'aikata. Ka duba, jama'ar gari sukutum a cikin ƙarfe ɗaya. Kai, har akwai kamfanin da ya kama hayar wani yanki na gaɓar ƙasar Haiti, ana ce da wurin Labadee, aka kewaye shi da shinge, domin baƙi su sauka su yi wanka su koma ba tare da sun shiga garin masu ƙasa ba. Wanda aka kai shi nan ya komo ya ce ya je Haiti, me ya bambanta shi da wanda aka kawo shi kasuwar Rano cikin mota, gilashi a rufe, aka zaga da shi aka fita, ya tafi yana ba da labarin Autan Bawo?

Wannan rabe-raben ɗaki kuwa tsohon abu ne, kakanninmu sun san shi. A zamanin Turawa jiragen wasiƙa na kamfanin Elder Dempster su ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Libaful, tafiyar kamar mako biyu, suna tsayawa a Takoradi da Saliyo da Las Palmas. Mafi shahara a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951 ya daina a 1974. Faskila ta Razdan ce da Di'o da manyan ma'aikatan kanti, sai daga baya ministoci da 'yan majalisa suka shiga. Mai ƙaramin ƙarfi da ke bin gaɓa daga wannan gari zuwa wancan, shi wurinsa sararin jirgi ne, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ajiye butarsa, rana ta doke shi, raɓa ta sauka a kansa. To, a cikin waɗannan na sarari fataken goro suke. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, nan maƙwabtanmu, a 1877, yana cikin waɗanda suka gane cewa maimakon a yi watanni ana korar jakuna daga Gwanja, a iya ɗora huhun goro a jirgin ruwa daga Sakunde ko Ankara zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 sai hanya ta haɗu. Sa'ad da ya rasu a 1955 ana lissafta shi mafi arziki a Afirka ta Yamma. Ilmin da ya kawo wannan arziki, a zango aka same shi, da bakin kasuwa, da wurin masu masauki, da tambayar farashi a kowace gaɓa aka tsaya. Ba a taɓa jin falken da ya san gari daga taga ba.

Haka kuma alhazanmu na dauri. Mutum ya sayar da amfanin gona, ya yi sallama da iyali kamar ba za a sake ganawa ba, ya bi ta Maiduguri da Fallomi da Abashe da Fashar, yana tafe yana ƙodago, wani shekara biyu, wani bakwai, wani ma ya tsaya a gonakin audugar Jazira bai ƙara gaba ba. Wanda ya isa Lubayya, inda hanyar jirgin ƙasa ta kai tun 1912, ya hau zuwa bakin Bahar Maliya. A Sawakin a tsare shi a karantina, a yi masa lamba, kana a loda shi a jirgi zuwa Jidda. Ba zan yi wa wannan tafiya kwalliya ba. Wahala ce tsantsa, an mutu a hanya ba adadi, an yi wa waɗansu fashi, har akwai waɗanda aka yaudara aka sayar, gama sai a 1962 aka hana bauta a Saudiyya. Duk wanda ya ce a koma wa wannan, bai san ta ba. Amma dubi abin da suka komo da shi, da abin da suka bari a can. Alhajin da ya dawo ƙauye bayan shekaru, da Larabcinsa yake dawowa, da littattafai, da sana'a, da labarin da za a shekara ana saurara a ƙofar gida. A Sudan har yau ana sayar da gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli ana kiransa agashe, a Makka da Jidda kuwa ana ce da shi siriya, watau tsirenmu. Akwai gidaje a Hijaz masu laƙabin Hausawi, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya yi kyaftin na 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Wannan duk sawun masu tafiya a ƙasa ne.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, Malam, mutum da kuɗinsa, ya sha wahala ya tara, in ya so ya huta ina ruwanka? Za a kuma ce akwai tsofaffi, da marasa lafiya, da mata masu goyo. Wannan na biyu gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ƙafa ta gaza, ko wanda jiri ke ɗiba in ruwa ya motsa, a nema masa ɗaki mai iska, sadaka ce. Mun kuma ga abin da ya faru a 2020, da annoba ta kama jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan, aka kulle mutum fiye da 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu, na ɗakunan ciki suka yi kwanaki ba su san fitowar rana ba balle faɗuwarta, sai ɗan lokacin da aka ba su su sha iska. Taga tana da ranarta. Amma da ƙato nake magana, mai ƙafa biyu lafiyayyu, wanda a gida yake iya takawa daga Durba zuwa Kibiya in ta kama. Game da na farko kuwa, i, kuɗinsa ne. Sai dai a garin da ake haɗa karo-karo kafin a gyara rijiyar burtsatse, wanda ya fita da dukiya mai yawa haka yana da bashin jama'a a wuyansa, ko da na labari ne. In ya komo aka taru ana yi masa barka da zuwa, dattijo ya ce, “Alhaji, yaya mutanen can suke? Me suke nomawa? Nawa ake sayar da mudu?” shi kuwa ba abin da zai iya nunawa sai hoton gado da na abinci, ai an yi biyu babu.

Bari in nuna abin da ƙafa ke saye wanda kuɗi ba ya saye, da Jidda kanta, tun da ita muka fi wucewa muka kuwa fi jahilta. Alhazanmu dubbai suna bi ta cikinta kowace shekara, daga filin jirgi zuwa mota, daga mota zuwa Makka. Alhali kuwa Sayyidina Usmanu ne ya mai da ita mashigin Makka ta ruwa a shekara ta 26 bayan Hijira. Tsohon garin, wanda suke kira Balad, yana nan kusa da tashar jiragen ruwa, an kuma sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ganuwarsa an rushe ta a 1947, amma wurin Ƙofar Makka yana nan, inda ayarin raƙuma ke fita da alhazai. Mota ba ta da amfani a lungunansa. Sai ka taka za ka ga gidaje hawa huɗu da biyar da aka gina da dutsen da ake haƙowa daga bakin bahar, an jera katako a tsakanin ginin don ya riƙe shi, kamar yadda maginanmu ke sa azara. Tagoginsu na katako ne sassaƙaƙƙe, sun turo kai waje, iska na shiga, na ciki na ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Duk wanda ya san zaure da soro zai gane hikimar nan da nan, zai kuma yi tunanin abin da ya sa mu muka bar ginin da ke sanyaya kansa muka koma wa kwano mai gasa mutane a watan bazara. Ka bi ta kasuwar Alawi ka iso gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925. Matakalar gidan an yi ta da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi na iya hawa da kaya. A ƙofarsa akwai itacen darbejiya, wanda a da ake kwatancen gidan da shi saboda ƙarancin itatuwa a garin. Ka shiga masallacin Shafi'i ka yi salla, ka fito ka tsaya wurin mai shayi. In ka kasa kunne, ba wuya ka ji ana Hausa a bayanka.

Duk wannan yawo bai wuce awa uku ko huɗu ba, kuɗinsa kuwa na ruwan sha ne da ɗan abin da ka saya. Kamfani zai sayar maka da irinsa da tsada, a cikin babbar mota, da ɗan jagora riƙe da tuta, ana kora ku kamar awaki, a tsaya da ku a kantin da aka riga aka shirya da shi. Za a kuma tsorata ka, a ce in ka fita kai kaɗai ka makara jirgi ba zai jira ka ba. Gaskiya ne, ba zai jira ba. Maganin wannan kuwa agogo ne. Jirgi yakan kwana ya wuni a kan lokacinsa, wanda wani jiƙon yakan saɓa da na garin da aka tsaya, saboda haka a daidaita agogo da na jirgi kafin a sauka, a rubuta sunan tashar da lambar wakilin jirgin a takarda a sa a aljihu, a tafi mutum biyu ko uku, a fara da wuri mafi nisa tun da sanyin safiya, a riƙa matsowa kusa, a komo da sauran awa guda cur. A sa takalmin da aka saba da shi, sabon takalmi ba na wannan rana ba ne.

Ƙetaren bahar ɗin, daura da Jidda, Sawakin tana nan, inda kakanninmu suka yi zaman jiran jirgi. Ita ma da dutsen bahar aka gina ta, amma tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 ciniki ya ƙaura, gidajenta suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, yanzu yawancin tsohon garin kufai ne. Jiragen shan iska ba su tsayawa can, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023.